Uwargida, Wa Ya Tsara Wayar Da Ke Hannunki?

Yau ina so mu ɗan ajiye zancen girki da reno, mu tattauna a kan wata aba da take hannun kowaccenmu, ko kuwa ƙarƙashin matashin kanta, watau wayar salula. Abin da ya tayar mini da wannan magana kuwa, abubuwa biyu ne da suka faru a gabana cikin mako guda.

Na farko, wata goggona ce ta zo gidanmu da hantsi, ranta a ɓace. Wannan baiwar Allah ita ce uwar adashin unguwarsu. Mata fiye da ashirin ne suke zubi a hannunta, ba ta taɓa rubuta ko sisi ba, amma ba a taɓa jin ta yi wa wata kuskuren kwabo ba. Ta san wadda ta zuba, ta san wadda ta ce sai jibi, ta san wadda za ta kwasa bayan salla. To, ran nan ta so ta aika wa wata kwasarta ta manhajar wani banki. Ta danna nan, ta danna can, sai wani jan rubutu ya fito da Turanci haɗe da lambobi, sa'an nan wani ɗan zobe ya kama juyi a tsakiyar allon, ya ƙi tsayawa. Ba ta san ko kuɗin sun tafi ba ko suna nan. Ta ji tsoron ta sake, kada su tafi sau biyu. Ta ji tsoron ta bari, kada a ce ta ci amana. Da ta miƙo mini wayar sai ta ce, "Ungo 'yar nan, ni dai kaina ba ya ja. Wannan abu sai ku 'yan boko." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Matar da take riƙe da lissafin mutum ashirin a ka, yau ita ce wani ɗan allo ya sa ta ce ba ta da kai!

Na biyu a ɗakina ne. Ƙanwata da ke zaune a wurinmu tana karatun sakandare, yarinya mai ƙoƙari, na tashi cikin dare wajen ƙarfe biyu na ga haske yana fitowa daga ƙarƙashin mayafinta. Ga jarrabawa da safe. Da na yi mata faɗa sai ta fashe da kuka, ta ce, "Wallahi Yaya, minti biyar na ce zan yi. Ni ma ban san abin da yake damuna ba."

Kin ga mata biyu ke nan. Ɗaya waya ta kore ta, ɗaya waya ta riƙe ta ta ƙi saki, kuma kowacce kanta ta zarga. Ni kuwa ra'ayina shi ne, kafin mace ta ɗora wa kanta laifi, ya kamata ta san cewa duk abin da take gani a allon nan, wani ɗan Adam ne ya zauna ya tsara shi. Launin maɓallin da kike dannawa, da wurin da aka ajiye shi, da ƙarar da wayar take yi in saƙo ya shigo, har da kalmomin da ke fitowa in abu ya ƙi, babu ko ɗaya da ya faɗo daga sama. Sana'a ce guda, mai makarantu da littattafai da albashi mai tsoka, kuma babban abin da masu ita suke karanta shi ne zuciyar wanda zai riƙe wayar.

Wani malamin jami'a a Amurka mai suna Don Norman yana cikin waɗanda suka kafa tushen wannan sana'a. A shekarar 1988 ya fitar da littafi a kan kayan da muke amfani da su yau da kullum, kamar ƙofa da murhu da makunnin fitila. Misalinsa da ya fi shahara shi ne na ƙofa. Za ki je babban ofis ki tarar da ƙofa mai mariƙi, hannunki ya kai ki ja, ta ƙi buɗewa, ashe turawa ake yi. Sai ki waiga ko wani ya gan ki, kunya ta kama ki. Norman ya nuna cewa kunyar nan ta wanda ya ƙera ƙofar ce, domin mariƙi jan hannu yake kira, in turawa ake so sai a sa faffaɗan ƙarfe wanda ba abin da za a yi masa sai turi. Da ya koma aiki a kamfanin Apple a 1993, shi ya yaɗa sunan da ake kiran wannan fanni da shi har yau, wanda ma'anarsa ita ce duk abin da mutum ya ji kuma ya gamu da shi tun daga sa'ad da ya ɗauki kaya har ya ajiye.

Ni wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurina. A kwalejin horon malamai an sha nanata mana cewa in yaro ɗaya ya faɗi lissafi, a binciki yaron, amma in aji duka ya faɗi, malama ta koma ta duba shirin darasinta. Goggona ba ita kaɗai ba ce. Ki tuna farkon shekarar 2023, lokacin da aka canja takardun naira kuɗi suka yi wuya a hannu, yadda mata suka yi ta tsayuwa gaban mai kayan miya, mai saye ta ce ta tura, mai sayarwa ya ce bai gani ba, kowa yana kallon allo kamar mai duban wata. Wani ɓangare na wannan wahala matsalar layi ce, na yarda. Amma allon da ya bar mutum cikin duhu, bai ce masa kuɗinka suna nan ba, bai ce sun tafi ba, wannan kasawar mai tsarawa ce.

To, yaya masu wannan aiki suke yi in sun tashi yin sa da gaskiya? Kusan yadda tela nagari yake yi ne, ba ya sa almakashi sai ya auna. Da farko sukan fita su je inda mutane suke, su zauna da su, su ga yadda suke rayuwa: ina suke cajin waya, su nawa ne suke amfani da waya ɗaya, wa yake karanta wa wa saƙo. Sa'an nan su dawo su ƙaga wata mace a takarda, su ba ta suna da shekaru da sana'a, har da hoto, su manna a bango, don duk wanda ya kawo shawara a tambaye shi, ita wannan za ta gane? Sukan kuma zana tafiyarta mataki mataki, tun daga buɗe manhaja har ƙarshen abin da ta zo yi, suna sa alama a inda ta ji daɗi da inda ranta ya ɓaci. Kafin a kashe kuɗi a gina komai, sukan zana allon da fensir a kan takardu, a kira mutum a ce danna da yatsa kamar gaske.

Wanda ya fi burge ni shi ne gwajin da ake zaunar da mutum a ba shi aiki, a ce aika wa ɗanka kuɗi, sa'an nan a roƙe shi ya riƙa faɗin duk abin da yake ransa da ƙarfi. Mai tsarawa yana gefe ya kame bakinsa, ba shi da izinin taimako, sai dai ya kalla ya rubuta. Kuma tun farko akan gaya wa mutumin cewa kayan ake jarrabawa, ba shi ba. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jakob Nielsen, abokin aikin Norman, ya rubuta a shekarar 2000 cewa mutum biyar kacal sun isa su tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke cikin tsari. Mutum biyar fa, 'yar'uwa! Da waɗanda suka tsara manhajar bankin nan sun zaunar da mata biyar irin goggona sun kalle su na awa ɗaya, da jan rubutun nan bai kai ga idonta ba.

Yanzu bari mu zo kan zancen zuciya, domin nan ne gizo yake saƙa. A shekarar 1995 wasu masu bincike biyu na kamfanin Hitachi a Japan, Masaaki Kurosu da Kaori Kashimura, suka shirya fasali 26 na allon na'urar cirar kuɗi, suka nuna wa mutum 252. Abin da suka gano shi ne, fasalin da mutane suka ga ya fi kyau a ido, shi suka ɗauka ya fi sauƙin aiki. Wani malami a Isra'ila, Noam Tractinsky, ya yi tsammanin wannan halin Japanawa ne kawai da son ƙawa, ya maimaita gwajin a ƙasarsu, sai sakamakon ya fito har ya fi na Japan ƙarfi. Norman ya ɗauki wannan ya faɗaɗa a wani littafi da ya fitar a 2004. Bayaninsa shi ne, mutum in hankalinsa a kwance yake, tunaninsa yakan buɗe, in ya gwada hanya ta ƙi sai ya nemi wata. In kuwa tsoro ya shige shi, tunanin yakan tsuke, ya yi ta maimaita kuskure ɗaya. Duk malamar da ta taɓa tsayar da yaro gaban allo tana riƙe da bulala ta san haka. Yaron da ya iya sau bakwai a gida, a nan sai bakwai sau uku ta gagare shi.

A cikin littafin nan ya kasa yadda kaya suke taɓa zuciya gida uku, kuma mace ba ta bukatar dogon bayani a kansu. Ki ɗauki kwanukan jerenki. Akwai wanda tun a kasuwa, kafin ki taɓa shi, ido ya faɗa kansa ranki ya biya. Akwai wanda ba shi da wani kyau, amma murfinsa yana zama daram, ba ya ƙona hannu, kullum shi kike ɗauka. Akwai kuma wanda ya tsufa ya lotse, amma na mahaifiyarki ne, ko an ba ki sababbi goma ba za ki musanya ba, domin yana gaya miki ko ke wace ce. Masu tsara manhaja duka ukun nan suke nema a wurinki: ido ya so, hannu ya saba, sa'an nan ki ji abin ya zama naki har ki yi alfahari da shi.

Kada ki ɗauka ina cewa wannan ilmi sharri ne. An yi alheri da shi mai yawa, kuma mu ma mun sha romonsa. Manyanmu za su tuna da Nokia mai tocila, ƙirar 1100, wadda ta fito a 2003. An yi ta ne musamman don ƙasashe irin namu, inda ake da ƙura kuma wuta ba ta zama. Aka rufe madannanta don kada ƙura ta shiga, aka sa mata baturi mai jimiri da 'yar fitila a ka, aka sayar da kimanin miliyan 250. Har yau in aka ambace ta sai ki ga fuskar mutum ta saki, kamar an ambaci tsohuwar ƙawa. Haka kuma kamfanin ƙasar Sin mai yin Tecno ya lura cewa kyamarorin waya da yawa ba sa fitar da fuskar baƙar fata da kyau, musamman in haske ya yi ƙaranci, sai ya gyara tasa don mu, ya kuma sa gurbin layi biyu domin ya ga yadda muke yawo da layuka saboda rashin tabbas. Saƙon murya da WhatsApp ya kawo a 2013 kuwa, Allah kaɗai ya san iyaye mata nawa ya 'yantar daga neman mai karanta musu wasiƙar 'ya'yansu. A 2022 kamfanin ya ce ana aika irin wannan saƙo kimanin biliyan 7 a kowace rana.

Akwai wani aiki da nake so ƙannena 'yan makaranta su ji. A birnin Bangalor na Indiya, wajen shekarar 2006, wata matashiya mai suna Indrani Medhi, tana aiki a ɗakin binciken Microsoft, ta yi ta shiga unguwannin talakawa tana zama da mata 'yan aikatau waɗanda ba su iya karatu ba. Ta gano cewa in aka cire rubutu aka sa zanen hannu mai sauƙi, aka haɗa da murya mai bayani da harshensu, matan nan suna iya sarrafa kwamfuta da kansu. Ta kuma lura cewa da yawansu, ko da ba su san haruffa ba, sun san lambobi sarai. Da na ji wannan sai goggona ta faɗo mini a rai.

To, amma wuƙar da ake yanka albasa da ita, ita ce take yanke yatsa. Yawancin manhajojin zumunta kyauta ake ba mu su, kuɗinsu daga talla yake fitowa, talla kuwa gwargwadon daɗewarki kina kallo ake biya. Saboda haka tambayar da ake yi wa mai tsarawa a can sai ta canja. Maimakon a ce yaya za mu taimake ta ta gama abin da ta zo yi ta tafi, sai a ce yaya za mu hana ta tafiya. Kuma suna da ma'aunin da tela bai taɓa mafarkinsa ba. Sukan raba masu amfani gida biyu ba tare da sun sani ba, a nuna wa waɗannan fasali ɗaya, waɗancan wani, a ƙirga wanda aka fi dannawa, a riƙe shi, gobe a sake da wani abu. A 2009 wani babban mai zane ya bar Google, cikin ƙorafinsa har da cewa an gwada launin shuɗi iri 41 don a ga wanda mutane suka fi dannawa. Ki duba fa, shuɗi kawai.

Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na Facebook. A watan Janairun 2012, har mako guda, kamfanin ya taɓa abin da mutum 689,003 suke gani a shafinsu. Wasu aka rage musu labaran farin ciki, wasu aka rage musu na baƙin ciki, don a ga ko abin da su ma za su rubuta zai canja. Ya kuwa canja, ko da yake kaɗan ne ƙwarai. Da aka buga sakamakon a 2014 duniya ta yi caa, domin ba wanda aka nemi izininsa kai tsaye. Ni abin da ya tsaya mini shi ne, a cikin mutanen nan lalle akwai mai jego, akwai mai takaba, akwai wadda aka yi wa kishiya a makon. Wa ya san abin da ragin labari mai daɗi ya yi wa irin waɗannan?

Mu koma kan ƙanwata da mayafinta. A darasin halayyar yara an koya mana labarin wani masani Ba'amurke, B. F. Skinner, da tattabarunsa. Ya sa tattabara a akwati, in ta caki wani maɓalli hatsi ya zubo. Ya gano cewa in kullum hatsin yana zuwa, ranar da ya daina zuwa tsuntsuwar takan haƙura da wuri. Amma in wani lokaci ya zo, wani lokaci bai zo ba, ba ta san yaushe ba, sai ta yi ta caka ba ji ba gani. Mu an koya mana ne don mu san yadda ake yaba wa yaro. Yanzu ki ɗauki wayarki ki ja allon ƙasa da yatsa ki saki. Wani lokaci ki tarar da saƙo mai daɗi, ko mutum goma sun yaba hotonki, wani lokaci ba komai. Ba ki san yaushe ba, don haka sai ki sake ja. Shi ya sa wasu da suka yi aiki a kamfanonin nan suke kwatanta abin da na'urar caca.

Da can shafin intanet yana da ƙarshe, kamar shafin littafi. In kin kai ƙasa sai kin danna kafin ki shiga na gaba, kuma a wannan ɗan tsaikon ne hankali yake cewa ke, dare ya yi. A 2006 wani saurayi mai suna Aza Raskin ya ƙirƙiro shafi marar gindi, wanda kina ja yana ƙaruwa. Niyyarsa sauƙaƙawa ce, amma daga baya ya fito fili ya nuna nadama, ganin yawan lokacin mutane da abin ya cinye. Ki kwatanta da kwanon tuwo wanda duk lomar da kika ɗiba sai wata ta maye gurbinta. Yaushe za ki san kin ƙoshi? Yarinya 'yar shekara goma sha shida ce a gefe guda, a ɗaya gefen kuma ɗaruruwan ƙwararru da na'urori masu ƙirga kowane motsin yatsanta. Da na gane haka sai na ji faɗan da na yi mata ya yi yawa, ko da yake ban janye shi duka ba.

Mu matan aure kuma namu tarkon daban ne. A watan Nuwamban 2014 WhatsApp ya kawo alamar nan shuɗiya mai nuna an karanta saƙo. Ƙananan layuka biyu ne, amma ki gaya mini gidaje nawa aka kwana ba a magana saboda su. Ya karanta tun azahar bai amsa ba. Ga shi a kan layi, da wa yake magana? Ƙila bawan Allah yana gaban maigidansa a wurin aiki, ko yaro ne ya taɓa wayar. A da in miji ya yi tafiya sai a jira wasiƙa ko saƙon baki wata guda, zuciya a kwance. Yanzu minti goma sun isa shaiɗan ya gina gida. Kamfanin da kansa, ganin yadda mutane suka yi ƙorafi, bai daɗe ba ya sa wurin kashe alamar. Ni na kashe tawa. Sharaɗin dai shi ne ke ma ba za ki ga ta wasu ba, kuma wallahi wannan ne ma ya fi yi mini amfani.

Ku kuma 'yan mata, ku saurara da kyau. A 2021 wata ma'aikaciyar Facebook mai suna Frances Haugen ta fitar da takardun cikin gida, har ta ba da shaida gaban majalisar dattawan Amurka. A ciki akwai binciken da kamfanin ya yi da kansa a kan Instagram, inda kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya suka ce in suna jin ba su gamsu da surar jikinsu ba, manhajar tana ƙara musu wannan damuwa. Kamfanin ya ce an yi wa binciken gurguwar fahimta, ya ce da yawa kuma sun ce tana taimakonsu. Ko ma yaya ne, ke dai ki sani fuskar nan mai sulɓi da kike gani, mai dogon hanci da hasken fata, sau da yawa manhaja ce ta gyara ta. Ita kanta mai hoton ba haka take tashi da safe ba. Kada ki je ki ɓata fatar da Allah ya ba ki da man bilicin kina bin abin da babu shi.

Akwai kuma waɗanda suka wuce jan hankali suka shiga yaudara tsagwaronta. Wani Bature ɗan Ingila, Harry Brignull, ya fara tattara irin waɗannan dabaru a 2010 yana fallasa su: maɓallin amincewa ƙato mai launi, na ƙi kuwa ɗan mitsitsi a lungu, shiga da dannawa ɗaya, fita sai an sha wuya, agogon ƙarya mai cewa saura minti biyar garaɓasa ta ƙare. A Disamban 2022 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince zai mayar wa mutane dala miliyan 245, saboda an tsara maɓallan yadda 'yan wasa, har da yara, suke sayen abu da kuskuren dannawa ɗaya. A nan gida kuwa mun ga manhajojin ba da bashi. Shigarsu kamar shan ruwa, fuska a sake, kuɗi cikin minti kaɗan, amma a hanya an sa kin danna amincewa su ga lambobin duk mutanen da ke wayarki. Ranar da kika makara, sai saƙon cin mutunci ya isa ga surukarki da maƙwabta. Waɗannan sun karanci abin da Bahaushiya ta fi tsoro, watau tonon asiri, suka mai da shi jingina. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, Google kuma ya hana irinsu taɓa lambobi da hotunan mutane daga 2023. Duk da haka, 'yar'uwa, duk manhajar da ta nemi ganin lambobinki alhali aikinta bai shafi kira ba, ki tsaya ki tambayi wanda ya sani kafin ki danna.

Na san wata za ta ce, Malama, ai ba wanda ya ɗaura wa kowa waya a hannu, mai hankali shi yake ja wa kansa linzami. Gaskiya ne, kuma ban ce a sauke wa kowa nauyin kansa ba. Amma wadda ta san an haƙa rami a hanya ta fi wadda ba ta sani ba damar tsallakewa. Ni da ƙanwata mun zauna mun shiga saitin wayarta, muka kashe ƙarar sanarwa ta kowace manhaja in ban da kira da saƙon gida. Muka buɗe wurin da wayar take nuna awowin da aka yi a kanta, wanda Apple da Google suka sa tun 2018, ta ga adadin da idonta, ta riƙe baki. Yanzu ƙarfe tara wayar tana falo wurin caji, tawa ma haka, domin ba zan hana ta abin da nake yi ba. Maigida ne dai har yanzu muke lallaɓawa.

Abin da ya fi damuna shi ne, a ɗakunan da ake yanke shawarar nan, da wuya a sami wadda ta taɓa zama a tsakar gida irin namu. Wa zai gaya musu cewa waya ɗaya mutum huɗu suke taɓa ta? Wa zai gaya musu cewa uwargida hannunta da ƙullu take amsa kira, ko cewa kalmar da suka fassara da Hausar littafi ba wanda yake faɗinta a kasuwa? Wannan aiki ba duka ne yake bukatar zurfin lissafi ba. Yana bukatar ido mai lura, da kunne mai haƙuri, da iya zane kaɗan, da sanin mutane. Ƙannena, waɗannan kuwa kuna da su, in kun haɗa da karatu. Iyaye kuma a bar su su yi karatun.

Goggo ta dawo ranar Asabar. Kuɗin nan ashe ba su tafi ba, sai da muka kwana biyu kafin muka tabbatar. Na ɗauko takarda da fensir na zana mata allon waya, na ce, "Goggo, da ke ce mai bankin, me za ki rubuta a nan?" Ta yi dariya ta ce ita ina ta ga banki. Na matsa mata. Sai ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To, ya nuna mini fuskar wadda zan aika wa, in tabbata ita ce. Ya faɗi kuɗin da baki, da Hausa, in ce i. In abin ya ƙi, ya ce mini, Hajiya, kuɗinki suna nan ba su tafi ba, ki sake anjima. Shi ke nan, sai in tafi in ɗora tukunyata." Na rubuta duka yadda ta faɗa. Ranar Litinin in na tashi daga makaranta za mu je reshen bankin tare, ita da takardarta, mu nemi manaja.